Wa Ke Riƙe da Makullin Majami'a?

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

 Yau majami'a za mu leƙa, mu duba yadda masu bi ke tafiyar da sujadarsu da shugabancinsu da zamansu tare. Maganar ta fi shafar Kirista, amma maƙwabtanmu Musulmi kada su murɗa akwatin rediyon, domin duk inda mutane suka taru suka haɗa kuɗi suka naɗa shugaba, ko kwamitin masallaci ne ko ƙungiyar manoma, zancen amana da shawara zai same su. Tambayarmu ita ce, wa ke riƙe da ikilisiya? Da yawa za su ce fasto, tunda shi ake gani a gaba kowace Lahadi. Ni kuwa abin da zan kafa hujja a kai shi ne, ikilisiyar da ke daɗewa ita ce wadda aka raba nauyinta a kan kafaɗu da yawa, kuma faston da ya fi iya aikinsa shi ne wanda in an yi masa canjin wuri ranar Litinin, za a yi sujada ranar Lahadi ba a rasa komai ba sai fuskarsa.

Mu fara da abin da ido ke gani. Ku ɗauki safiyar Lahadi a wata majami'ar ƙauye, a kudancin Kaduna ko Filato ko ƙasar Tangale. Tun rana ba ta fito ba wani dattijo da gidansa ke kusa ya zo da makulli ya buɗe ƙofa. Matan da layin shara ya faɗo kansu sun share tun jiya da yamma, sun goge bencina. Yaro ya buga ƙararrawa, wadda sau da yawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ce aka rataye a reshen bishiya. Malaman makarantar Lahadi sun kwashe yara zuwa inuwa. Shugaban sujada ya kira lambar waƙa, wani ya yi addu'a, wani ya karanta nassi, sakatare ya tashi da sanarwa: wance ta sauka lafiya, wane yana kwance a asibiti, ranar Laraba akwai gayya a gonar ikilisiya, baƙi su miƙe a marabce su. Mawaƙa sun yi tasu, 'yan ƙungiyar Sabon Rai sun yi tasu, sannan Zumuntar Mata suka taso cikin zannuwa iri ɗaya, ɗaya na buga bakin tulu, sauran na amsawa har ƙura na tashi. Sai bayan duk wannan fasto ya hau ya yi wa'azi. A ƙauyuka da yawa ma babu faston da aka naɗa. Mai bishara ne ke riƙe da wurin, rabaran sai ya zagayo don baftisma da Jibin Ubangiji da ɗaurin aure. Duk wanda ya ƙirga hannuwan da suka taɓa wannan sujada zai gane cewa tun kafin a kai ga wa'azi, hannu ɗaya bai ɗauki jinkar nan ba.

Wannan tsari ba jiya aka fara shi ba, kuma dole ce ta haife shi. Turawan mishan da suka fara shigowa 'yan kaɗan ne, zazzaɓi kuma bai raga musu ba. Cikin mutum uku na farko na mishan ɗin SIM da suka sauka Legas a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun rasu a shekarar da ta biyo; Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai, kuma sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Karl Kumm na mishan ɗin SUM ya iso Wase a 1904. Da bishara ta jira Baturen da zai taka kowane tudu da kwari, da har yau ba ta gama zagaya Filato ba. Waɗanda suka kai ta lungu-lungu 'yan ƙasa ne, manoman da suka koyi karatu, suka riƙe Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, wasu suka yi makaranta a Gindiri, suka koma gida suna noma da rana suna koyarwa da dare. Tun ƙarni na 19 wani jagoran mishan ɗin CMS a Ingila, Henry Venn, ya dage cewa ikilisiyar da aka dasa dole ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta. Faɗa da sauƙi, cikawa da wuya: sai a 1938, shekara 34 bayan isowar Kumm, aka naɗa fastoci uku na farko 'yan ƙasa a ikilisiyar da yau ake kira COCIN, wato Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot. Ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954, tarayyar ikilisiyoyi da yanzu ake kira TEKAN ta kafu a 1955, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA ragowar ayyukanta. Abin lura shi ne, da Turawa suka tashi tafiya, majalisu suka damƙa wa makulli, hawa-hawa, daga dattawan majami'a zuwa majalisar yanki, zuwa ta gunduma, har babbar majalisar da ke zaɓen shugaba na wa'adi, wanda in wa'adinsa ya cika ya sauka wani ya hau.

Kada a ɗauka dabarar Turawa ce kawai; nassin da ake karantawa kowace Lahadi shi ma haka ya nuna. A littafin Fitowa sura 18, Yetro surukin Musa ya tarar da shi zaune yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa ya gajiyar da mutane, ya ba shi shawara ya zaɓi amintattu masu ƙin cin hanci ya sa su a kan dubu-dubu da ɗari-ɗari da hamsin-hamsin da goma-goma. Musa annabi ne, bai kuwa ji an rage masa girma ba. Amma labarin da ya fi kama da namu yana Ayyukan Manzanni sura 6. A ikilisiyar farko ta Urushalima, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Ku lura, rigimar harshe ce da rabo, irin wadda duk majami'ar da ta haɗa Birom da Angas da Tarok, ko Bura da Margi da Kilba, ta san ɗanɗanonta. Manzanni ba su ce wa masu kukan su yi shiru ba, ba su kuma rungume rabon da kansu ba. Taron suka kira, suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai da aka shaida halinsu. Sunayen bakwai ɗin nan, daga Istifanus har na ƙarshensu, duk na Helenanci ne, alamar cewa daga ɓangaren da ya yi kuka aka ɗauko masu riƙe ludayi. An ji koke, an raba aiki, jama'a suka zaɓa, shugabanni suka tabbatar.

Mai sauraro zai iya cewa duk wannan zance ne na lokacin zaman lafiya. To, mu duba inda aka gwada shi da wuta. Ranar 17 ga Maris 1923, wasu Turawan mishan biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta samo asali. Shekara 91 bayan haka, a 2014, masifar Boko Haram ta faɗa a tsakiyar ƙasar da wannan ikilisiya ta fi yawa. Akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu 'ya'yanta ne. Ranar 29 ga Oktoba mayaƙan suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi, kusa da Mubi, shugabanni suka tsere, aka mai da ofis Jos na wucin gadi. An ƙone majami'u, an kashe masu bi da fastoci, kamar yadda aka kashe Musulmi maƙwabtansu da limamai. Da ikilisiyar gini ce ko ofis ko mutum ɗaya, da a nan ta ƙare. Amma waɗanda suka watsu zuwa Yola da Jos da kewayen Abuja, har sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a Kamaru, sun ci gaba da taruwa suna sujada. Wanda ya saba jagorantar waƙa a ƙauyensu ya ja waƙa a sansani, dattijon da ya saba addu'a ya yi addu'a, mata suka sake haɗa zumuntarsu. A 2016 Majalisar ikilisiyar ta zauna, Rabaran Samuel Dali da ya riƙe ta cikin wutar ya sauka, aka zaɓi Rabaran Joel Billi, a 2023 kuma aka yi bikin cika shekara 100. Abin da aka koya wa mutane da yawa, ba a iya ƙone shi a rana ɗaya.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun shugabanci a ikilisiya, yanzu kuma sai mu saurari masu ja. Na farko zai ce, fasto shafaffe ne na Allah, kuma ai nassi ya hana a taɓa shafaffu, don haka tambayarsa tawaye ne. Akwai gaskiya a gindin maganar: aikin kiwon rayuka yana da nauyi, kuma ikilisiyar da ta mai da fastonta abin gulma a bakin rijiya kanta take ci. Amma ayar da ake jawowa, a Zabura 105, gargaɗi ce ga sarakunan wasu ƙasashe kada su cuci kakannin Isra'ila sa'ad da suke 'yan kaɗan suna yawo. Ba a saukar da ita don a toshe bakin ma'aji ba. Dauda shafaffen sarki ne, annabi Natan kuwa ya shiga har fada ya gaya masa laifinsa. Bitrus babba ne cikin manzanni, amma Bulus ya tsauta masa a gaban jama'a a Antakiya sa'ad da ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta riƙe igiyar ta kai biyu: kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma in laifi ya tabbata a tsawata masa a fili. Wannan wasiƙa ce kuma ta jera sharuɗɗan shugaba, kusan duka na hali ne: mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, ba sabon tuba ba, kuma wanda mutanen waje ma suka shaide shi. Ashe har abin da maƙwabcinsa Musulmi ke faɗa a kansa a kasuwa yana cikin ma'auni.

Na biyu zai ce, abin da na ba Allah na ba Allah, ina ruwana da lissafi? Wannan magana tana da daɗin ji, amma ta nan ne bango ke tsagewa ƙadangare ya samu wurin shiga. Ku dubi abin da ke faruwa bayan an tashi sujada a majami'ar da ta san abin da take yi. Ba a barin kwanon baiko a hannun mutum ɗaya. Mutum uku ko huɗu ne za su zauna a ɗakin dattawa, su juye a kan tebur, su miƙe takardun kuɗin da suka dunƙule a bakin zane, su ware zakka daban, baikon gini daban, na gwauraye da marayu daban, su ƙirga sau biyu, sakataren kuɗi ya rubuta, kowa ya sa hannu, Lahadi mai zuwa a karanta wa jama'a. Wannan ba zargin kowa ba ne. Kariya ce ga mai gaskiya. Bulus da kansa, sa'ad da ake tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai yarda kuɗin su bi ta hannunsa shi kaɗai ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa ya bayyana cewa ya aiki Titus tare da wasu 'yan'uwa biyu, ɗayansu ikilisiyoyi ne suka zaɓe shi, don kada kowa ya samu abin zargi. Ko a Cocin Katolika, inda iko ke gangarowa daga bishop zuwa fada, kundin dokokinsu na 1983 ya wajabta kowace ikilisiyar da fada ke riƙe da ita ta kasance da kwamitin kuɗi. In manzo bai ji kunyar a ƙirga a gabansa ba, wane ne zai ce an ci masa mutunci don an nemi rasit?

Na uku shi ne ya fi ƙarfi, kuma ba zan yi masa rowar gaskiya ba. Zai ce, majalisun nan da kake yabo ai su ne matattarar siyasa. Zama kan zama, shekara biyu ana gardamar rufin kwano. Lokacin zaɓen dattawa ana bi gida-gida da dare, kowace ƙabila na ƙirga kujerunta. Wani mai kuɗi ya sayi janareto, daga nan maganarsa ta zama doka. Wani wurin dattawa ne ke riƙe albashin fasto wata da watanni don wa'azinsa ya taɓa su, har iyalinsa su rasa kuɗin makaranta. Ga kuma majami'un da mutum ɗaya ya kafa yake juyawa, suna ta bunƙasa. Duk wannan yana faruwa, kuma ba a mugun sarki sai mugun bafade. Amma a duba da kyau, kowace cuta da aka lissafa cutar tara iko ce a hannun 'yan kaɗan. Dattawa biyar da suka kulle ƙofa suka hana jama'a sanin abin da ake ciki, sarauta suka kafa, ko da sunanta kwamiti. Maganinta shi ne a ƙara buɗe ƙofa: wa'adi ga kowace kujera, rahoto a gaban taro, albashin fasto a rubuce kuma a kan kari, da hanyar kai kuka gunduma ga wanda aka zalunta, ko fasto ne ko mai shara. Saurin da ake yabo a wurin mutum ɗaya kuwa, a jira ranar da ya kwanta dama. Sau nawa muka ji 'ya'ya da mataimaka sun kai juna kotu a kan fili da asusu, masu bi sun rasa inda za su sa kansu? Tafiyar majalisa tafiyar hawainiya ce, amma tana kai mutum gaban kabarin wanda ya fara ta.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. In an yi rasuwa, kafin fasto ya iso, matan zumunta sun riga sun ɗora tukunya, sun ɗebo ruwa, sun zauna da mai takaba. Su ne ke zuwa barka, su ne ke kai kunu asibiti, su ne ke tara hatsi kwano-kwano lokacin godiyar kaka, kuma a yawancin majami'u su suka fi cika bencina. Amma in an zo zaman da za a yanke yadda za a kashe kuɗin da suka tara, sau da yawa sai dai su ji a sanarwa. Ikilisiyoyi sun bambanta kan naɗa mata aikin fasto, wannan muhawara ce da kowace ke yi da nassi a hannu, kuma ba a wannan shiri za a yanke ta ba. Amma babu koyarwar da ta hana a nemi shawarar wadda ta san gidan da aka kwana da yunwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka matasa: in aikinsu bai wuce jan waya da buga ganga ba har suka kai shekara arba'in, ranar da dattawa suka gaza wa zai karɓa? Ga kuma rabuwar da ke shigowa birane a hankali, sujadar Turanci da safe ga 'yan boko, ta Hausa daga baya ga iyaye, har a zama jama'a biyu a rufi ɗaya. Raba lokaci ba laifi ba ne, muddin teburin shawara ɗaya ne kuma kowane ɓangare yana da bakin magana a kansa.

Saboda haka, Baba Fasto, in kana saurare, ka auna aikinka da yawan waɗanda ka koya wa abin da ka iya. Ka bar wani ya yi wa'azi kana zaune, ka gyara masa a keɓe. Dattawa, kujerar nan aro ce, ku karanta rahoton kuɗi kafin a tambaye ku, ku kuma biya ma'aikaci hakkinsa kafin a sayi sabon labule. Iyayenmu mata da matasa, ranar taron shekara kada ku tashi da an gama addu'ar rufewa. Ku zauna, ku yi tambaya cikin ladabi, in an zaɓe ku kada ku noƙe. Kai kuma ɗan'uwa da ke zama a bencin baya, wanda ke cewa su dai su yi, ka sani kujerar da ka bari wani zai haɗa da tasa, gobe kuma kai ne za ka fara kukan an tara iko. Ga ɗan aikin gida kafin Lahadi mai zuwa: kowa ya tambayi kansa, a majami'armu mutum nawa ne ke da makullin ƙofa, mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi, kuma mutum nawa za su iya tsayawa gaban jama'a in fasto ya kwana da zazzaɓi? In amsar duka ukun ɗaya ce, kuma sunan mutum ɗaya ne, to lokaci ya yi da za a je wurin maƙeri a yanko wasu makullan.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]